A fara ƙirga tsuntsayen bakin ruwanmu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan wani tsuntsu da ba a ƙasarmu yake ba, na san wasu za su ce mutane na fama da tsadar masara wannan yana zancen tsuntsu, to a yi haƙuri a karanta tukuna.

Can ƙarshen Kudancin Amurka, yankin Patagoniya da ke tsakanin Ajantina da Chile, akwai wani ɗan tsuntsun bakin ruwa da Turawa ke kira Magellanic plover. Girmansa da siffarsa kamar kurciya, launin toka, ido ja, ƙafa gajera mai ruwan hoda. A bakin tafkunan gishiri yake ƙwai, a ƙasa kawai cikin tsakuwa ba wata sheƙa, ƙwai biyu kuma galibi ɗa ɗaya ne ke rayuwa, sannan iyayen amayo abinci suke su ba shi a baki, abin da ba a saba gani ba a wajen tsuntsaye ire-irensa. In sanyi ya shigo sai su gangara gaɓar teku wajajen garin Rio Gallegos na Ajantina.

Shekara da shekaru ana rubutawa a littattafai wai yawansu ya kai tsakanin 1,500 zuwa 7,000, kowa na kwafa daga wani, alhali kintace ne. Da masu bincike na ƙasashen biyu suka tashi da gaske suka bi tafki tafki suna ƙirgawa sai ga shi duk duniya ba su wuce 500 ba. Tumaki na tattake ƙwan, karnuka na bin 'ya'yan, tafkunan na ƙafewa. Sai a Fabrairun 2024, a taron yarjejeniyar kare dabbobi masu ƙaura da aka yi a birnin Samarkand na ƙasar Uzbekistan, aka sa shi a sahun farko na masu buƙatar kariya.

Wannan kintacen ne ya dame ni Malam Edita, don mu ma da shi muke tafiya. Tambayi kowane masunci a Dadin Kowa zai ce maka ai tsuntsaye suna nan birjik, amma ka ce masa yaushe rabonsa da ganin gauraka sai ya yi shiru ya fara lissafi. Ungulu ma da ke cika mahauta muna yara yanzu ina take?

Kuma muna da namu mai kama da na Patagoniyan, wani ɗan tsuntsu mai baƙin zane a kai da ƙirji da ke zama kan yashin kogunan arewa da rani. Shi binne ƙwansa yake a yashi, in rana ta take sai ya je ya jiƙa cikinsa a ruwa ya dawo ya kwanta a wurin don ya sanyaya. To yashin nan dai shi ne tifa ke ɗiba safe da yamma, nan shanu ke sauka shan ruwa, nan masu noman rani ke jan tiyo, in aka saki ruwan dam kuma ya shafe wurin gaba ɗaya. Ban ce a hana kowa neman abincinsa ba wallahi, ni ma da kuɗin lambu aka yi min makaranta.

Roƙona ga Jami'ar Jihar Gombe da ta Tarayya da ke Kashere, ku tura ɗaliban nazarin halittu bakin kogin Gongola duk watan Janairu, lokacin da ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a duniya. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Jos aikinta ke nan, a nemi su koyar. Madubin hangen nesa ne da littafi da biro sai kuɗin mota, a haɗa da masunta don su suka san inda kowane tsuntsu ke kwana, kuma a riƙa buga adadin a jarida kowa ya gani.

Na gode.

Mai karatunku,
daga Dadin Kowa, Jihar Gombe