Lambun Ƙudan Zuma a Unguwa: Yadda Ake Kafa Shi da Abin da Ke Kashe Shi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi bayani a kan wani aiki da ƙungiyar matasa, ko makaranta, ko kwamitin masallaci za su iya yi da kuɗi kaɗan, wato kafa lambun gayya saboda ƙudan zuma, malam-buɗe-littafi da sauran ƙwarin da ke yi wa tsirrai barbara. Wani zai ce mutane ba su ƙoshi ba, wa ke ta ƙwari? To, a leƙa gonar kankana.

Kankana da kabewa da gurji suna fitar da fure iri biyu a jikin yaɗo ɗaya, namiji da mace. Ana gane macen da ɗan ƙullutun da ke gindinta, wanda shi ne zai zama 'ya. Furen yini ɗaya tak yake yi a buɗe, garinsa kuma yana da nauyi da danƙo, iska ba ta ɗaukarsa. Dole sai ƙwaro ya kwaso garin daga namiji ya kai wa macen, kuma furen kankana yana bukatar ƙudan zuma ya sauka a kansa kamar sau 8 kafin ya ƙulla 'ya mai kyau. In ba a samu haka ba, ƙullutun ya yi rawaya ya faɗi, ko kankanar ta fito a karkace, gefe ɗaya a tsuke. Sai manomi ya zargi iri ko taki, ya ƙara feshi, alhali feshin ne ya kore masa ma'aikata. Masu fitar da irin albasa, irin na Aliero a jihar Kebbi, su ma ƙudan zuma da ƙudaje ne ke cika musu kan fure. Gero da dawa da masara da shinkafa ba su dogara da ƙwari ba, saboda haka tuwo ba zai ɓace ba. Kayan miya, kayan marmari, riɗi, auduga da man kaɗanya ne ke raguwa. Rahoton da kwamitin masanan halittu da muhalli na ƙasashen duniya, wato IPBES, ya fitar a 2016 ya nuna cewa kusan kashi 75 cikin 100 na manyan ire-iren amfanin gona na duniya suna amfana da barbarar ƙwari da tsuntsaye da jemagu. Saboda irin wannan ne Majalisar Ɗinkin Duniya, a ƙarshen 2017, ta ware 20 ga Mayu a matsayin ranar ƙudan zuma.

Kuskuren farko da ake yi shi ne ɗaukar wannan lambu a matsayin lambun ado. Furannin da ake sayarwa a bakin titi, masu ninki-ninki, da yawansu ƙuda ba ya iya kaiwa ga ruwan zaƙinsu, wasu ma ba su da shi. Abin da ake nema shi ne kada wata ɗaya ya wuce a shekara ba tare da wani abu yana fure a wurin ba. A ƙasarmu damina da kaka ciyayi suna ɗaukar nauyin wannan. Da rani kuwa itatuwa ne ke ciyar da ƙwarin, kuma su ne gatarin masu itace da gawayi ya cinye a kewayen garuruwa. Saboda haka da itatuwa ake fara tsarin. Magarya da kurna suna fure daga ƙarshen damina zuwa kaka. Gawo yana bin bayansu, domin shi da rani yake ganye da fure lokacin da saura suka kaɗe. Mangwaro yana fure cikin sanyi, wajen Disamba zuwa Fabrairu, sai ɗorawa da darbejiya su karɓa a farkon zafi, bagaruwa kuma ta yi nata da damina. Lokutan suna ɗan matsawa daga Zariya zuwa Maraɗi, don haka a tambayi tsofaffin manoma da masu amya na wurin, a rubuta wata-wata abin da ke fure a unguwar, a ga watan da babu komai, a shuka abin da zai toshe wannan giɓi.

A fili mai mita 10 a tsaye da 10 a kwance, manyan itatuwa biyu sun isa, a dasa su ta yamma domin su tare ranar la'asar ba tare da sun rufe ta safe ba. Ramin dashe ya zama santimita 50 faɗi da zurfi, a gauraya ƙasar sama da bokiti ɗaya na ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, takin da bai gama ruɓewa ba kuma yana jawo gara. A dasa bayan ruwa ya zauna, cikin Yuni ko Yuli. Mangwaron da aka yi wa aure yana fure cikin shekara 3 zuwa 4. Gawo kuwa na 'ya'ya da jikoki ne, kuma sai fili mai yalwa.

Kafin manyan su taso, zogale ne ke riƙe lambun. Yana fara fure cikin wata 6 zuwa 8, kuma in yana samun ruwa yakan daɗe yana yi. A jera guda 6 zuwa 8 a gefe, tazarar mita 3. Sai dai a nan ake samun saɓani da masu kwaɗo: zogalen da ake yanke wa kai kullum saboda ganye ba ya fure. A raba tun farko, a ɗaura ƙyalle a jikin kashi ɗaya cikin uku, waɗannan ba a taɓa su. Shingen lalle ma yana da amfani biyu, furensa ga ƙwari, ganyensa ga mata, matuƙar ba a aske shi gaba ɗaya lokaci guda ba.

Sai fangali. Kowane iri a shuka shi a dunƙule, aƙalla mita 1 a mita 1, domin ƙudan zuma yakan bi iri ɗaya a fita guda, kuma dunƙulen fure ya fi tsilli-tsilli jan hankalinsa. Da damina a sa riɗi, kuɓewa, yakuwa, rama, kabewa, wake da ɗoɗɗoya. Riɗi yana fara fure cikin kwana 35 zuwa 45, sunfulawa kuma wajen wata biyu. Kada a shuka duka a rana ɗaya, sai lambun ya cika maƙil sati uku sannan ya zama fayau. A raba irin kashi uku, a bar sati uku tsakanin shuka da shuka. Cikin hunturu riɗi da kuɓewa ba sa son sanyi. A maye gurbinsu da sunfulawa da lansir, a kuma binne manyan kawunan albasa cikin Oktoba ko Nuwamba a bar su su yi kara su yi fure. Wannan fangali ɗaya na albasa zai tara ƙananan ƙwari masu ban mamaki, ga iri kuma a samu.

Ruwa shi ne ke kashe yawancin irin waɗannan lambuna, don haka a yi lissafinsa kafin a ɗaga fartanya. Da rani kowace murabba'in mita ta fangali tana shan lita 5 zuwa 8 a yini. Fangali mai murabba'in mita 20 ke nan yana bukatar jarka 4 zuwa 7 mai lita 25 kullum. In babu mai ɗaukar wannan nauyi a Maris da Afrilu, a rage fangalin zuwa rabi tun yanzu. Rufe ƙasa da busasshiyar ciyawa mai kaurin yatsu uku yana rage ƙishi sosai. Inda lambun yake kusa da masallaci, a ja ruwan alwala da ɗan bututu zuwa gindin itatuwa, muddin ba a haɗa shi da ruwan wanki ko na bayan gida ba. Wannan ruwa ne mai yawa da ke malala a kwata sau biyar a rana.

Su ma ƙwarin suna shan ruwa, kuma ƙudan zuma yana ɗibarsa ya kai gida ya sanyaya saƙarsa da zafi. Shi ya sa da bazara yake damun mutane a bakin famfo da randa. A ajiye kasko marar zurfi a inuwa, a cika shi da tsakuwa yadda kawunan duwatsun za su fito saman ruwan, in ba haka ba ƙudan ya nutse. A zubar a sake sabo duk kwana 2 ko 3, domin sauro yana iya kammala girma daga ƙwai cikin sati ɗaya zuwa kwana 10. Kada a zuba sukari. Malam-buɗe-littafi kuwa jiƙaƙƙen rairayi yake so, mai ɗan taki kaɗan, yana tsotsar gishirin da ke ciki.

Akwai abin da mutane kan manta game da malam-buɗe-littafi: kafin ya yi fukafukai tsutsa ne, kuma kowane iri yana da ganyen da tsutsarsa ke ci. Mai ruwan goron nan mai baƙin baki da ɗigo-ɗigon fari, a jikin tumfafiya yake ƙwai. Babban mai baƙi da rawaya, a ganyen lemo. Farare da masu rawaya da ke yawa da damina, a tafasa da rai-ɗore. Wanda ya nome waɗannan a matsayin ciyawa, ko ya murƙushe kowace tsutsa da ya gani, ya rufe ƙofar da kansa. A bar tumfafiya biyu da ɗan sarari na tafasa a kusurwa, a haƙura da ganyen da aka huda. A gargaɗi yara game da nonon tumfafiya, yana yi wa ido mummunan lahani.

Game da wurin kwana, duniya tana da ire-iren ƙudan zuma sama da 20,000, kuma yawancinsu ba sa zama a amya, ba sa yin zuma, kowace mace ita kaɗai take gina ɗakinta, galibi a rami cikin ƙasa. A ware musu wuri kamar mita 1 a mita 2, mai ɗan tudu inda ruwa ba ya kwanciya, ba noma, ba ban-ruwa, ba ciyawar rufi. Waɗanda ke zama a itace kuma a samo busasshen gungume marar fenti da magani, a huda shi da ramuka masu faɗin milimita 3 zuwa 10, zurfin santimita 10 zuwa 15, ba tare da an ɓulla ta baya ba. A goge bakin ramin, domin tsiron katako yana yaga fukafuki. A rataye shi tsayin ƙirji yana fuskantar gabas, ƙarƙashin ɗan rufi, a shafa man giris a jikin wayar saboda cinnaka, a canza gungumen bayan shekara 2 don cuta ba ta taru ba. Babban baƙin ƙudan nan mai rugugi da ke huda azara, kada a kashe shi. Shi ne ke girgiza furen tumatir da yalo har garin ya zubo, aikin da ƙudan amya ba ya iyawa.

Amya kuwa, ra'ayinmu shi ne kada a kafa ta a lambun makaranta ko tsakiyar unguwa. Ƙudan zumarmu na Afirka yana da zafin kare gidansa, kuma hari ɗaya a kan yara ko dabbar da ke ɗaure ya isa ya sa a tsani aikin baki ɗaya. Ƙudan da ke kiwo a kan fure ba ya harbi sai an matse shi. Zai zo da kansa daga nisan kilomita 2 ko 3. Ƙananan ire-iren ƙudan ne ba sa wuce 'yan ɗaruruwan mitoci, wanda ya sa ƙananan lambuna biyar a warwatse cikin gari suka fi babba ɗaya a bayan gari amfani.

Duk wannan wahala feshi ɗaya zai iya rushe ta. A cikin lambun, babu maganin ƙwari ko kaɗan. Darɓa a wanke ta da ruwa mai ƙarfi ko a cire reshen. Ko ruwan 'ya'yan darbejiya, da ake jiƙa rabin kilo na dakakken ƙwallo a lita 10 ya kwana, yana kashe tsutsar malam-buɗe-littafi, don haka ba ya zuwa kusa da tumfafiya da lemo da tafasa. A guji irin shuka mai jan rini ko shuɗi sai an karanta jikin ledar: in an ga imidacloprid, thiamethoxam ko clothianidin, maganin yana bin jikin tsiron har cikin fure, kuma Tarayyar Turai ta hana amfani da waɗannan uku a fili tun 2018. Maƙwabta manoma ba za a ce su daina feshi ba, musamman tun da tsutsar nan mai cin masara ta shigo Najeriya a 2016. Abin da za a nema a wurinsu, ta hannun mai unguwa ko sarkin noma, abu ne mai sauƙi: a yi feshi bayan la'asar sakaliya zuwa magariba lokacin da ƙuda ya koma gida, kada a yi cikin iska, kada a fesa wa amfanin da ke tsakiyar fure ko masarar da ta fitar da tuta, domin ƙudan zuma yana ɗibar garinta, kuma kada a wanke injin feshi a kududdufi.

Saura maganar mutane da awaki. Shinge kafin shuka, ba bayanta ba. Darnin kara yana yin shekara ɗaya, kafin nan lallen ya kama. A karɓi izinin filin a rubuce daga mai shi na aƙalla shekara 5, domin lambuna da yawa sun koma shaguna daidai lokacin da itatuwansu suka fara fure. A rubuta sunan mai ban-ruwa na kowace rana, a tanadi wanda zai riƙe lokacin hutun makaranta da watan azumi, a ba shi kaso daga kuɓewa da zogale da irin albasa. Don a san ko aikin yana ci, sau ɗaya a sati da misalin ƙarfe 9 na safe ɗalibi ya tsaya minti 10 a gaban fangali ɗaya ya ƙirga ƙwarin da suka sauka, ya rubuta a littafi. Shukar da ba ta samun baƙi, a canza ta baɗi.

Roƙonmu ga ma'aikatun muhalli da masu kula da shirin Babbar Koriyar Ganuwa, na dasa itatuwa don tare hamada, a jihohi 11 na Arewa shi ne su sa wuraren renon itatuwansu su riƙa fitar da magarya, kurna, gawo, bagaruwa da ɗorawa da yawa, a raba wa makarantu da ƙungiyoyin unguwa a watan Yuni, lokacin da dashen zai samu damina cikakkiya ya kafu.

Mun gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu malaman gona da masu kiwon zuma,
Zariya, jihar Kaduna.