Wasiƙa Zuwa ga Ɗana a Kan Katin da Bai Faɗo Ba

Samaru, Zariya

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, karatu yana tafiya daidai. Ranar Juma'a ka tambaye ni a waya, kana dariya, wai yaushe ya kamata ɗan gasar poka, wasan kartar nan na caca, ya tura duk abin da ke gabansa alhali hannunsa bai cika ba. Ka ce tambayar lissafi ce kawai. Shekara talatin ina riƙe da alli, na san muryar yaron da ke tambaya don jarrabawa, na kuma san ta wanda ya riga ya zauna a teburi.

To, ga lissafin, don kada ka ce Baba ya kauce. Karta 52 ce. Biyu suna hannunka, an buɗe uku a ƙasa, saura 47 da ba ka gani ba. In kana da huɗu masu alama iri ɗaya kana jiran ta biyar, tara ne kaɗai za su cece ka. Da sauran buɗi biyu, damarka kusan kashi 35 cikin ɗari ce. In ɗaya ya wuce bai zo ba, ta dawo ƙasa da kashi 20. Mai jiran jeri, wato kati biyar masu bin juna a lamba, wanda zai iya cika ta gaba ko ta baya, yana da takwas, wajen kashi 31 in da sauran buɗi biyu. Sai in duka biyun kake jira, kati 15, sannan ka haura rabi kaɗan.

Yanzu a ce akwai 1,000 a tsakiya, abokin karawarka ya tura 1,000. Za ka sa dubu ɗaya, duk abin da ke gabanka, don cin dubu biyu, wato kana bukatar nasara sau ɗaya cikin uku. A takarda 35 ta fi 33, sai ɗalibi ya yi murna. Amma gasa ba takarda ba ce. Sau biyu cikin uku za ka miƙe ka bar kujerar, kuma wanda ya fita ya fita. Musamman in saura mutum biyu ko uku a kai ga waɗanda ake biya, wannan ɗan ratar ba ta kai a sayar da kujera dominta ba. Masanan wasan ma sun bambanta mai fara turawa da mai amsawa: na farko zai iya ci don tsoro ya sa ɗayan ya ajiye katinsa, na biyu kuwa babu abin da ya rage masa sai jira.

Na san labarin da kuke ba juna: Chris Moneymaker, akawun nan da ya shiga ta intanet ya ci dala miliyan 2.5 a Las Vegas a 2003. Mutum 839 suka zauna gasar. Faɗa mini sunan biyar daga cikin sauran.

Lokacin da nake saurayi, akwai wani mai sayar da hatsi a Sabon Gari da ya fi kowa iya ƙirga karta. Ban taɓa jin ya yi kuskure a lissafi ba. Rumfarsa dai ta ƙare a hannun wani.

Ka haddace aya ta 90 ta Suratul Ma'ida tun kana Islamiyya, inda aka jera caca da giya wuri guda, ba sai na karanta maka ba. Abin da zan ƙara shi ne kuɗin da ke aljihunka na san asalinsu: masarar gonarmu ta hanyar Giwa ce, da adashin mahaifiyarka. Ba mu tura su don jiran kati tara ba.

Ban gaya mata komai ba tukuna. Ka kira ni ranar Lahadi bayan la'asar, ka faɗa mini nawa ka riga ka sa, ba ragi ba ƙari. Ƙannenka suna gaishe ka, auta tana tambayar takalmin da ka yi mata alkawari.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka