Godiya Ga Makaɗan Berliner Philharmoniker

Zuwa ga shugabanni, makaɗa da ma'aikatan wannan babbar ƙungiyar kiɗa ta birnin Berlin a Jamus,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. Jadawalin wasanninku na sabon zango ya fito, har na sayi tikitina, shi ya sa na ga bai dace in sake shiga zaurenku ban yi godiya a bainar jama'a ba. Yaba kyauta tukwici.

Ni ɗalibi ne a Berlin. Shekara biyu ina wuce gininku mai launin zinariya kusa da Potsdamer Platz, ina ganin wurin masu hannu da shuni ne. Abin da ya ja ni ciki shi ne ɗan wasan nan na kyauta da kuke yi da ƙarfe 1 na rana, sau ɗaya a mako, a farfajiyar shiga. Na zauna a matakala tsakanin wata tsohuwa da wasu 'yan makaranta, ba wanda ya kalli rigata. Wanda ya kawo wannan shawara, Allah Ya saka masa da alheri.

Daga nan na yi ƙarfin hali na sayi tikitin babban zaure. Ashe Hans Scharoun, wanda ya zana ginin da aka buɗe a 1963, a tsakiya ya ajiye makaɗa, kujeru 2,440 suka kewaye su hawa-hawa. Kujerata mai araha tana bayan makaɗa, sai ga ni ina kallon fuskar Kirill Petrenko, jagoranku tun 2019, wanda ke tsayawa yana fuskantar makaɗa, alhali masu tsadar kujera ƙeyarsa kawai suke gani. Kafin a fara, mai busa obo, wani abin busa na Turawa, ya ba da sauti ɗaya, kowa ya daidaita kayansa a kai. Jikina ya yi yar, domin muryar ta yi kama da ta algaita a ƙofar fada ranar hawan sallah. Na yi tafi inda ba a tafi, a tsakiyar kiɗa. Maƙwabcina ya yi murmushi, ya nuna mini a takarda cewa saura kashi uku.

Ina kuma gode wa ma'aikaciyar da ta raka ni har kujerata, don ginin nan yana da ruɗarwa.

A wannan zango ina jiran wasan jajibirin sabuwar shekara, da na 1 ga Mayu wanda kuke tunawa da kafuwarku a 1882. Shi wannan yawanci a wani birnin Turai kuke yinsa, zan kalla ta Digital Concert Hall, dandalinku na nuna wasanni a intanet. Wasan rufe zango kuwa, a filin Waldbühne cikin watan Yuni, inda mutum fiye da 20,000 ke zama a sarari, da ƙafata zan je in sha Allah, tare da abokaina biyu da suka daɗe suna yi mini dariya.

Naku,
Wani ɗalibi ɗan Zariya, Berlin