Maganin Shinuwa da ciwon fata: a san abin da ke cikin gwangwani kafin a shafa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna neman fili a jaridarka kan wani abu da ke ƙaruwa a Yamai, musamman in hunturu ya kama, fata ta fara ƙaiƙayi da tsagewa. Jama'a na komawa ga maganin gargajiyar ƙasar Sin, wanda aka fi sani da maganin Shinuwa, da kuma siraran allurarsu da ake tsirawa a jiki. Ba kushe shi muka zo yi ba. Tun 1976 likitocin Sin ke zuwa aiki Nijar, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro da muke ba ƴaƴanmu yau, daga wani ganye da Sinawa suka daɗe suna sha aka ciro shi, aikin da ya sa Tu Youyou ta samu kyautar Nobel a 2015. Sai dai wannan daban, ɗan gwangwanin da ake talla a bakin tasha, wanda ko mai sayar da shi bai iya karanta rubutunsa ba, shi ma daban.

Da farko a san sunan ciwon. Ƙazuwa ƙwaro ne ke haƙa rami a fata, ba ganyen sha ko allurar da za ta kashe shi. Sai an shafe jiki da maganinta daga wuya zuwa ƙafa, duk mutanen gida rana ɗaya, a wanke tufafi da shimfiɗa. Makeron kan yara yana buƙatar ƙwayar sha ta mako shida zuwa takwas. Tabo mai haske kuwa, wanda in an shafa masa auduga mutum bai ji ba, a garzaya da shi asibiti, don yana iya zama kuturta, kuma maganinta kyauta ne, na wata shida ko sha biyu.

Inda muka fi jin tsoro shi ne man shafawa. A 1999 likitoci a Landan sun auna man Shinuwa iri 11 da aka ba masu ciwon fata a matsayin ganye zalla, suka tarar da deksametazon a cikin 8, wato dangin kortizon. Shi kortizon yana kwantar da ƙaiƙayi da kumburi cikin kwana biyu, har mutum ya rantse ya samu waraka. Amma bai kashe ƙwayar makero ko ƙazuwa ba, lulluɓe su ya yi suna ta bazuwa. In aka jima ana shafawa, fata ta yi siriri, ƙuraje su feso a fuska, nankarwa ta ɓullo a hamata da cinya, wurin ya yi fari kamar na masu shafe-shafen ƙarin haske. Ranar da aka daina, ciwon ya dawo fiye da da, sai a koma a sake saye. Jarirai sun fi shiga haɗari, domin fatarsu na tsotse maganin ya shiga jini, balle in an shafa ƙarƙashin ƙunzugu. Don haka duk man ganyen da ya share ƙaiƙayin shekara cikin dare biyu, a ɗauke shi a nuna wa ma'aikacin farmasi. Wanda ya daɗe yana shafawa kuma kada ya yanke lokaci guda, likita ya tsara masa yadda zai rage.

Maganin sha ma yana da nasa haɗarin. A farkon shekarun 1990 mata kusan ɗari a Beljiyam suka kamu da ciwon ƙoda, saboda an musanya saiwa ɗaya da wata mai kama da ita a suna, daga dangin tsiron Aristolochia. A 1999 aka sake ganin haka a Ingila ga mata biyu da ke shan haɗin ganye don ciwon fata. Ɓawon saiwar da ake kira bai xian pi, wanda ke yawan shiga haɗin ƙaiƙayi, an san yana taɓa hantar wasu. Wata saiwa mai zaƙi da ake kira gan cao kuma tana tayar da hawan jini. Wanda ya ƙudura zai sha, ya nemi a rubuta masa sunan kowane ganye da nauyinsa, a auna masa hanta da ƙoda kafin ya fara, a sake bayan wata guda. A jiƙa rabin sa'a, a dafa a tukunyar ƙasa, ba ta ƙarfe ko dalma ba, kuma a zafin nan namu kada dafaffe ya kwana a waje. Ido ya yi rawaya, ko fitsari ya yi duhu kamar shayi, a tsaya nan take. Mai juna biyu da mai shayarwa su bar shi gaba ɗaya.

Akwai abin da ya shafe mu musamman, wato rana. Ƴaƴan tsiron bu gu zhi da ake jiƙawa a shafa wa masu fararen tabo suna sa fata ta kasa jure hasken rana. Wanda ya shafa ya hau babur da azahar a Yamai ko Tawa, yana iya kwana da bororo kamar wanda ruwan zafi ya ƙona. Qing dai kuwa, garin shuni ne da ake samu daga tsirrai irin babanmu na rini, kuma gwaji a Taiwan ya nuna mansa na taimaka wa masu ciwon nan mai kaurin ɓawo a gwiwa da gwiwar hannu. Amma kada wani ya je marina ya ɗebo, ruwan rini yana da toka da sinadarai masu cin fata. Kowane sabon mai, a fara ɗiga kaɗan a cikin dantse, a jira kwana biyu a gani.

Allurar Shinuwa ba ta kashe ƙwayar cuta. Abin da ƙananan gwaje-gwaje suka nuna shi ne tana iya rage ƙaiƙayi ga wasu. Kaurinta bai kai rabin milimita ba, ana barin ta minti 15 zuwa 30, galibi a ƙarshen lanƙwasar gwiwar hannu da ɗan saman gwiwa ta ciki. A buɗe sabuwa daga ledarta a gabanka, a jefar bayan an gama, domin ciwon hanta mai bin jini ya yawaita a ƙasar nan. Kada a tsira a kan ƙurji ko wurin da ke ruwa. Wanda in ya ji rauni ko an huda masa kunne tabon kan kumbura ya yi tudu, ya guji allurar, da ƙahon Shinuwa, da ɗumamen ganyen da ake kunnawa kusa da fata. Mai fararen tabo ma ya yi hattara, sabon tabo kan fito daidai inda aka huda. Tsirawa a ƙirji ko bayan ƙirji sai ƙwararre, don allura na iya huda huhu. In an yi zama shida zuwa takwas ba sauƙi, kada a ci gaba da zuba kuɗi.

Roƙonmu ga Ma'aikatar Lafiya, ta riƙa ɗibar waɗannan mayuka daga kasuwanni tana aunawa, ta bayyana sakamakon a rediyo da Hausa da Zabarmanci, ta kuma hana shigo da duk wanda ba a rubuta abin da ke cikinsa da Faransanci ba.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wasu ma'aikatan lafiya, Yamai