Zuwa ga Alhajin Dawanau da ya tambaye ni amfanin ambato

Assalamu alaikum Alhaji,

Ranar da aka gayyace ni gidan rediyo, ka bugo waya ana dab da rufe shiri, ka ce: "Malam, an ce masanan duniya suna ta ambaton rubuce-rubucenka, kana aiki da Turawa. To me wannan ya ƙara wa buhun wakena?" Mai gabatarwa ya nuna mini agogo, na yi 'yar dariya, aka sa talla. Dariyar nan ta tsaya mini a rai, domin tambayarka ta fi ƙarfinta.

Ga yadda abin yake. In wani masani a Indiya ya rubuta takarda ya ce "kamar yadda wane ya gano", an ambace ni sau ɗaya ke nan, shafukan intanet masu lissafin ambato, irin su Google Scholar da Scopus, su ƙirga. A 2005 wani masanin fiziks a Amurka, Jorge Hirsch, ya fito da ma'aunin h-index: in naka 20 ne, kana da takardu 20 da aka ambaci kowace aƙalla sau 20. Masu ba da kuɗin bincike suna dubawa, mu ma muna leƙawa da dare kamar mai duba farashi, ba zan ɓoye maka ba. Amma kai ka san tiya. Tana gaya maka yawan wake, ba ta gaya maka ko ƙwaro ya huda shi.

Takardata da aka fi ambato aikin ɗakin gwaji ce, kan ƙwayoyin halittar wake. Ni da ɗalibaina muka sha rana a gonaki muka tattaro samfur, aka kai wata jami'a a Turai saboda su ke da injin. Da takardar ta fito sai na tsinci sunana can tsakiya, ɗaliban kuwa layin godiya kawai suka samu. Tun daga nan, kafin a ɗauki ganye ɗaya sai mun zauna mun rubuta wa zai yi me, sunan wa zai zo ina. Wadda na fi alfahari da ita kuma, kan yadda manoma ke ajiye wake bayan kaka, kusan ba mai waiwayarta, don mai rumbu ba ya rubuta takarda.

Duk da haka, Alhaji, kada ka ce haɗin gwiwar ba ta taɓa shigowa shagonka ba. Buhun PICS ɗin nan, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, daga irin wannan aiki ya fito. Masanan Jami'ar Purdue ta Amurka ne da takwarorinsu na arewacin Kamaru suka fara gwajin tun shekarun 1980, aka shiga yaɗa shi gadan-gadan a 2007. Ka ɗaure kowace leda da kyau, iskar ciki ta ƙare, ƙwaro ya daina ci ya daina haihuwa, ba ka zuba ko ɗigon magani ba. Ka tuna a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda ragowar maganin ƙwari a jikinsa. Haka irin waken SAMPEA 20-T da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta fitar a 2019, mai jure tsutsar da ke cin fure da kwanson wake: takardu ne aka yi ta jerawa shekara da shekaru, wannan yana ambaton wancan, kafin iri ya iso hannun manomi.

Nawa aikin dai har yau bai ƙara wa buhunka ko tiya ɗaya ba, ban kuma yi maka alkawarin rana ba. In ka amince, zan shigo Dawanau da ɗalibai biyu bayan kaka. Ka ware mana buhu biyu na wake ɗaya, ɗaya a PICS, ɗaya yadda ka saba ajiyewa, mu kwance su tare bayan wata shida. In takarda ta fito daga ciki, da sunanka za ta fito.

Allah ya ƙara wa kasuwa albarka.

Naka,
malamin da ya yi dariya a rediyo,
Kano