Ba Widmer-Schlumpf ce ta hana gina hasumiya a Suwizalan ba

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Shirinku na daren Lahadi ya ɓata mini rai ƙwarai, domin har sau biyu mai gabatarwa ya kira Eveline Widmer-Schlumpf da ministar da ta haramta wa Musulmi gina hasumiya, kuma ba a samu ko mutum guda a ɗakin shirin da ya gyara masa ba. Wannan ƙazafi ne, kuma ni ganau ne ba jiyau ba.

A shekarar 2009 ina karatu a Geneva, ina sallar Juma'a a masallacin unguwar Petit-Saconnex, wanda yana cikin masallatai 4 kacal da suke da hasumiya a duk faɗin ƙasar. Kullum a kan hanyata sai na wuce hotunan da jam'iyyar SVP da magoya bayanta suka manna a bango, mace cikin niƙabi, a bayanta an jera hasumiyoyi kamar makamai masu linzami a kan tutar ƙasar. Su ne suka tara sa hannun mutane fiye da 100,000 da doka ta tanada, suka kai maganar gaban jama'a. Ita kuwa a lokacin tana ministar shari'a, da idona na gan ta a talabijin tana roƙon mutane su yi watsi da ƙudirin, a madadin gwamnati baki ɗaya. Ranar 29 ga Nuwamba aka kaɗa ƙuri'a, kashi 57.5 cikin ɗari suka amince, Geneva tana cikin 'yan jihohin da suka ƙi. A tsarin ƙasar, abin da jama'a suka zaɓa shiga kundin tsarin mulki yake yi, ko ministoci bakwai na gwamnatin tarayya suna so ko ba sa so.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, da mai binciken shirin ya leƙa tarihinta ko da sama-sama ne, da ya gane cewa ita da waɗannan mutane sun daɗe da raba gari. A Disambar 2007 majalisar tarayya ta zaɓe ta minista da ƙuri'a 125 a maimakon Christoph Blocher, jagoran jam'iyyarta ta SVP, wanda yake neman komawa kujerarsa. Ta kwana tana shawara, washegari ta karɓi muƙamin. A kan haka jam'iyyar ta kore ta tare da dukan reshen jiharta ta Graubünden a 2008, har ta kai ga kafa sabuwar jam'iyyar BDP. Daga baya ta koma ma'aikatar kuɗi a 2010, ta yi shugabancin ƙasa na karɓa-karɓa a 2012, ta sauka a ƙarshen 2015. Matar da suka kira maciya amana, yau ku kuka ɗora mata laifinsu a kunnen masu sauraron Hausa, waɗanda yawancinsu ba su da wata hanyar tantancewa sai abin da kuka faɗa.



Ina roƙon ku karanta gyara a shirin Lahadi mai zuwa, a daidai lokacin da aka yi kuskuren, kada a bar shi sai ƙarshe bayan mutane sun kashe rediyo.

Naku mai sauraro,
daga Zariya.