Rahoton Ayyukan Shekara Daga Magatakardan Ƙungiya

Assalamu alaikum, 'yan'uwa mambobi.

Ga rahoton abin da muka yi bana, da abin da muka ƙulla amma bai yiwu ba. Tarurrukan wata-wata an yi su, in ban da waɗanda aka ɗage saboda ƙarancin mahalarta, kuma bayanansu na cikin littafin taro.

Zan fara da daren da muka kalli The Battle of Algiers, fim ɗin da Gillo Pontecorvo ɗan Italiya ya fitar a 1966, domin tun da aka kafa ƙungiyar nan ban ga zama irinsa ba. Fim ne baƙi da fari, na awa biyu, da Larabci da Faransanci, amma babu wanda ya tashi har aka gama. Kujeru suka ƙare, matasanmu suka bar wa dattawa nasu suka tsaya a baya. Kafin a kashe fitila, Shugaba ya yi shimfiɗa: Faransa ta shiga Aljeriya a 1830, ƙungiyar FLN mai neman 'yancin ƙasar ta fara yaƙi ranar 1 ga Nuwamba 1954, aka sa hannu a yarjejeniyar Evian a watan Maris 1962, ƙasar ta sami 'yanci ranar 5 ga Yuli na shekarar. Fim ɗin ya ɗauki yanki ne kawai daga ciki, wato galibi abin da ya faru a birnin Aljiyas da tsohuwar unguwarsa ta Kasba a 1956 da 1957.

Da aka kunna fitila, abin da aka fara tambaya shi ne ko hotunan gaske aka haɗa a ciki. Da yawa sun rantse cewa sun ga hoton labarai na lokacin. Babu ko ɗaya, duka shiryawa aka yi a lungunan Kasba da sauran sassan birnin. Mamakin ya ƙaru da aka ji cewa kusan duk 'yan wasan ba sana'arsu ba ce, in ban da Jean Martin da ya fito a Kanar Mathieu, kwamandan sojojin Faransa a fim ɗin, kuma Saadi Yacef, wanda ya jagoranci FLN a birnin, shi da kansa ya fito a ciki.

Daga nan aka shiga wurin da ya raba kan zauren, wato inda mata uku suka cire lulluɓi, suka yi shigar Turawa, suka wuce shingen sojoji da bama-bamai a kwanduna. Wani dattijonmu ya ce ba zai iya yaba wannan ba ko da sunan neman 'yanci, domin an nuna mana fuskokin mutanen da ke zaune a gidan shan shayin, har da yaro ƙarami. Wani matashi ya miƙe cikin ladabi ya ce, Baba, ai kafin nan an nuna yadda aka tayar da bam cikin dare a Kasba, aka riƙa zaro gawarwaki daga ɓaraguzai. Wata 'yar'uwa ce ta faɗi abin da ya sa kowa ya yi shiru: ta lura cewa kiɗan jimamin da aka sa wa mamatan Kasba, shi aka sa wa mamatan Turawa. Ni kaina kallona na uku ke nan, ban taɓa kula da hakan ba. A ganina nan ne darajar fim ɗin take. Yana tare da 'yan Aljeriya, bai ɓoye ba, amma bai bar mai kallo ya yi murna da mutuwar kowa ba.

An kuma daɗe kan azabtarwar da sojojin Faransa masu sauka da lema suka yi wa waɗanda aka kama bayan yajin aikin kwana takwas na ƙarshen Janairun 1957. Wasu sun ga an yi wa Mathieu kwalliya, an mai da shi mai natsuwa da hujja. Wasu suka ce natsuwar tasa ita ce abin tsoron. Malaminmu na tarihi ya tuna mana cewa Larbi Ben M'hidi, ɗaya daga shugabannin FLN, wanda Faransa ta ce ya kashe kansa a tsare a watan Maris 1957, Janar Aussaresses na Faransa ya amsa a 2001 cewa rataye shi aka yi. Ya kuma ja kunnenmu kada mu ɗauki fim a matsayin littafin tarihi. An gina shi a kan abin da Yacef ya rubuta, don haka ba a ga yaƙin karkara da duwatsu ba, ba a ga rikicin FLN da magoya bayan Messali Hadj, jagoran wata ƙungiyar neman 'yanci daban, ba, kuma daga mutuwar Ali la Pointe, mayaƙin FLN da fim ɗin ke bin labarinsa, a Oktoban 1957 sai aka tsallaka zuwa zanga-zangar Disamba 1960. Da mai gadin zauren bai zo ba, da ba mu tashi ba.

Yanzu ga abin da bai yi daɗi ba. A daren fim ɗin ne kuka amince da baki ɗaya a fassara maganganun fim ɗin zuwa Hausa, a rubuta su a ƙasan allo, domin dattawan da aka riƙa raɗa wa fassara a kunne. Aikin ya tsaya kafin a kai rabi. Na ji ana cewa kwamiti ya yi sakaci, kuma ba haka ba ne. Fassarar tana buƙatar mai jin Faransanci da mai jin Larabcin Aljeriya, wanda ya sha bamban da na littafi. Cikin waɗanda suka ɗaga hannu, mutum biyu ne suka dawo, ɗaya kuma aiki ya ɗauke shi. Sannan kowane layi sai an daidaita shi da daƙiƙar da aka furta shi. Ba aikin yini ɗaya ba ne, kuma ba a biyan kowa.

Majigin da muka ce za mu saya ma ba a saya ba, har yanzu haya muke yi. Dalili ɗaya ne: ƙasa da rabin mambobi ne suka cika kuɗin ƙungiya. Ni da Ma'aji mun kira, mun tura saƙo, mun bi wasu har gida. Akwai waɗanda suka fi kowa magana a daren fim, amma sunansu na cikin masu bashi tun watan farko, kuma ba su sake halartar taro ba. Wannan yana ci mini rai. Wanda yake cikin matsi ya same mu a keɓe, ba za a tona masa asiri ba. Amma shirun nan shi ne ke kashe gwiwar 'yan kaɗan da ke ɗauke da nauyin.

Saboda giɓin, kallo na biyu da aka shirya an ɗage shi zuwa baɗi. Kwamiti zai kawo shawara a babban taro cewa wanda bai biya ba, kuma bai kawo uzuri ba, ba zai yi zaɓe ba. Ma'aji zai zo da littafin kuɗi da rasit. Masu jin Faransanci ko Larabci su gan ni bayan taron, a raba sauran fassarar.

Wassalam.

Magatakarda